In an miƙo maka alamar tunawa da sojoji: yadda za ka saka, da yadda za ka ƙi ba a ɓata ba

Duk shekara in Nuwamba ta kama, masu zuwa gidan kallo nan Maradi sun san abin da nike nufi, sai ka ga jan fure a ƙirjin kusan kowane ɗan wasan Ingila, koci ya saka, mai sharhi a tele ya saka, kafin a take ƙwallo kuma filin gaba ɗaya ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Bara a fadarmu har shayi ya huce ana gardama a kan furen nan. Wani ya ce tambarin kamfani ne, wani ya ce ai tsafin Turawa ne, shi kuwa ƙanenmu da ke karatu Faransa ya ce an taɓa miƙo mashi irinshi amma shuɗi, ya rasa yadda zai yi, ya karɓa ya cusa aljihu. To don irinshi nike wanga rubutu, da 'yan kasuwarmu masu bin hanyar Ɗan Isa zuwa Katsina da Kano, da masu aiki da Turawa, kai har da mu da ke canza hoton WhatsApp duk lokacin da anka ce an kai ma sojojinmu hari.

Abu na farko, kada ka maƙala ma rigarka abin da ba ka san na wane ne ba. Alamun nan kowacce da gidansu. Jan furen, popi ake ce mashi, na Ingila ne da ƙasashe irin su Kanada, ƙungiyar tsofaffin sojojin Ingila ke saida shi tun 1921, kuma asalinshi furen da ya riƙa tsirowa ne a filayen da anka gwabza Yaƙin Duniya na Ɗaya a Beljiyam da arewacin Faransa. An tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba 1918 da ƙarfe 11 na safe, shi ya sa ranar da lokacin ake shirun minti biyu. Shuɗin na Faransa ne, buluwe, ana fito da shi 11 ga Nuwamba da 8 ga Mayu. Akwai ma farin popi tun 1933, na masu cewa su duk wanda yaƙi ya ci suke tunawa, soja da farar hula, kuma ba su son a ƙara wani yaƙin, a Ingila kanta masu ja da masu fari ba ko da yaushe suke ga maciji da juna ba.

Wadda ta fi kusa da mu ita ce ta Najeriya. Su 15 ga Janairu suke bikin 'yan mazan jiya, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, shugaban ƙasa ya ƙaddamar da alamar makonni kafin ranar, ƙungiyar 'yan mazan jiya ta shiga saidawa, ranar kuma a aza furanni a saki tattabaru. Amma ka san wani abu kafin ka buɗe baki a Katsina ko Kano: 15 ga Janairun 1966 ce anka yi juyin mulkin da ya ci Sardauna Ahmadu Bello da Tafawa Ɓalewa. Rana ɗaya, wani yana tuna ƙarshen yaƙi, wani dattijo kuma Gamji yake tunawa. In ka ga Alhajin da kake sari wurinshi ya yi shiru da anka ambaci ranar, bar shi da shirunshi.

Sai maganar kuɗɗi, wadda mutane ke jin kunyar tambaya. Alamar fa sadaka ce ake tarawa da ita, takardar ko ƙarfen ba su kai dala biyar ba. Don haka ka tambaya kai tsaye: wace ƙungiya ce, ina kuɗɗin ke zuwa? Na gaskiya yana da asusu a rufe ko katin shaida, kuma tambaya ba ta ɓata mashi rai. Ni an taɓa tare ni a wata tasha can ƙetaren iyaka cikin sanyin Janairu, wani ya maƙala mani abu a gaban riga tun kafin in ce uffan, sannan ya yanka mani farashi kamar kuɗɗin mota. Na ce mashi "Malam, wace ƙungiya ce?" sai ya fara kame-kame. Na cire na miƙa mashi abinshi na ce Allah ya ba da sa'a. Wanda ya tilasta maka, ko ya yanke maka farashi da tsawa, ba sadaka yake nema ba.

In ka yanke shawarar sakawa, abin ba wuya. Galibi a ƙirji ake sawa ɓangaren hagu, wajen zuciya, ko da yake ita ƙungiyar ta Ingila ta ce ba wata hanya guda da ta zama dole. In shadda ce a jikinka ka soka fil ɗin ta bakin aljihu ko kan ɗinki, kada ka huda tsakiyar yadi, ramin ba ya ɓacewa, mata kuma su maƙala a gyale ko hijabi daga ƙasan kafaɗa. Yana da lokaci: popi daga ƙarshen Oktoba zuwa 11 ga Nuwamba ko Lahadi ta biyu ta watan, in ya wuce ka cire. Kuma don Allah ka iya ba da amsa in yaro ya tambaye ka mi ke nan. Mu fa muna da haƙƙi a cikin tarihin nan fiye da yadda muke zato, 'yan Afirka ta Yamma kusan 200,000 Faransa ta ɗiba a yaƙin 1914 zuwa 1918, wajen 30,000 ba su dawo ba. Sunan "tirayar Senegal" da anka laƙaba masu tun 1857 suna ne kawai, daga ko'ina cikin ƙasashen baƙar fata na Afirka da Faransa ta mallaka ake kwaso su, har da nan. In ka ce "kakanninmu nike tunawa" ba ka yi ƙarya ba.

Amma nan ne kuma maganar ke da nauyi, don masu ƙin sakawa su ma da hujjarsu, kuma hujja ce mai ƙwari. Ka kama hanyar Tasawa ka isa Maijirgi, can kaburburan Bule da Shanuwan suke, hafsoshin Faransa biyu da sunka ratsa ƙasar Hausa a 1899 suna ƙone garuruwa, sunka yi ma Birnin Ƙonni kisan da har yau ake ba da labari, sunka yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. To su wa ke riƙe da bindigogin? Akasari tirayar ne, baƙar fata irinmu. Kaki ɗaya, tarihi biyu. Sannan ga Caroy kusa da Dakar, 1 ga Disamba 1944, sojojin Afirka da sunka dawo daga hannun Jamus sunka nemi haƙƙinsu anka buɗe masu wuta, Faransa ta daɗe tana cewa 35 ne, masana tarihi na maganar ɗaruruwa, sai a Nuwamban 2024 Macron ya yarda da kalmar kisan kiyashi. Ga fansho da anka daskarar da dokar 1959, tsohon soja na nan yana karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba alhali Bafaranshen da sunka kwana rami ɗaya yana karɓar cikakke, ba a fara gyara abin sosai ba sai 2007, lokacin da yawancinsu ƙasa ta rufe masu ido. Wanda ya san wanga duka ya ce shi ba ya sa buluwe a ƙirjinshi, mi za ka ce mashi?

Kuma kada ka ɗauka mu kaɗai ne. James McClean, ɗan wasan Ailan, tun 2012 yana Sunderland ya ƙi sa popi, don shi ɗan garin Deri ne inda sojojin Ingila sunka harbe mutum 13 ranar 30 ga Janairu 1972, ya sha zagi shekara da shekaru bai sauya ba. Matic, lokacin yana Manchester United, ya cire nashi a 2018, ya ce yana tuna mashi da bama-baman NATO a ƙauyensu cikin Sabiya a 1999 yana yaro. FIFA ma ta taɓa cin Ingila tarar kuɗɗin Suwizalan 45,000 a 2016 saboda popi, wai alamar siyasa ce, daga baya anka sassauta dokar.

Akwai kuma ɓangaren addini, wanda a Maradi ba ka isa ka tsallake shi ba. Malamai da yawa na ganin fure da tsayuwar shiru al'adar wasu ce, mamaci addu'a yake buƙata da sadaka, kuma sadakar da anka rataya shaidarta a ƙirji tana kusa da riya. Wasu malaman na ganin girmamawa ce kawai irin ta tuta, ba ibada ba. Ni ba malami ba ne, kowa ya koma ga wanda yake ɗaukar karatu wurinshi. Abin da ni nike yi dai, in taro ya tsaya shiru ina tsayawa, cikin zuciyata ina ma musulmin cikinsu addu'a, ba wanda ya taɓa leƙa bakina.

To ya ake ƙi? Gajarta magana. Yawancin rigimar daga dogon bayani take tasowa. In mai saidawa ne a hanya, "na gode, Allah ya taimaka" ya isa. In kana son taimakon amma ba ka son alamar, jefa abin da ya sawwaƙa cikin asusun ka ce a ba wani furen, ba wanda zai bi ka da shi. In wurin aiki ne kuma shugabanka Bature ne, same shi kai kaɗai tun kafin ranar, kada ka bari sai an jeru gaban kyamara, ka ce kana girmama mamatan kuma za ka tsaya tare da kowa amma ba za ka saka ba, dalili na addini ko na tarihin gidanku, jimla ɗaya. In dattijo ne tsohon soja ya miƙo maka da hannunshi, a nan kam ni sai in karɓa da hannu biyu in ce "Baba, na gode, Allah ya saka", abin da zan yi da shi bayan na bar wurin ruwana ne. Abin da ba a yi shi ne jefarwa ƙasa, ko tsayawa wurin taron makoki kana ba da lacca kan mulkin mallaka, lacca tana da ranarta.

Akwai wani tsoho a unguwarmu lokacin muna 'yan lakwal, ya yi yaƙin Aljeriya cikin sojan Faransa. Lambobinshi guda uku suna cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gado, naɗe da tsumma, zaren ɗaya har ya kode ya zama kalar ƙasa. Ranar da zai tafi karɓar fansho kaɗai yake fiddo su, ya goge da toka, ya jera kan wata tsohuwar kwat da yake ɗorawa bisa jallabiya. Da ya dawo ya cire ya maida. Na taɓa ce mashi "Baba, don mi ba ka sawa ranar salla?" ya dube ni ya ce a can biro su suke gani, a masallaci kuwa ba a tambaya. Tun daga nan na daina auna mutum da abin da ke ƙirjinshi, wanda ya saka ban ce mashi ɗan koren Faransa ba, wanda bai saka ba ban ce ba ya kishin sojoji ba.

Mu nan Nijar ba mu da wani fure guda da kowa ya sani, namu a waya yake. Bayan Inates, 10 ga Disamba 2019, da munka rasa soja 71, da Cinagodar wata guda bayan nan da anka rasa 89, kowa ya sa tuta ko baƙin ƙyalle a hotonshi, kuma har yau haka muke yi. Ba laifi. Sai dai ka kiyaye abu biyu: kada ka tura hoton gawa ko na wanda ya ji rauni, kuma kada ka sa suna da hoton soja da "Allah ya jiƙan shi" kafin ka tabbata gidansu sun ji, akwai uwar da a status ta fara ganin ɗanta. Wanda bai canza hoto ba kuma ka ƙyale shi, wataƙila shi ne ya kwana gidan makokin.

In akwai gidan sojan da ya rasu a unguwarku, ranar uku da ranar bakwai gidan cike yake, ba a rasa mutane. Ka lissafa wata huɗu da kwana goma, lokacin da matar ta fita takaba, tabarmi an naɗe, 'yan uwa na nesa sun koma. Sa matarka ko ƙanwarka ta shiga ta gaida ta, a tafi da tiya biyu ta gero ko jikka biyu a ambulan, a tambaya takardun haƙƙin mamacin ina sunka tsaya, ko akwai biron da ake buƙatar namiji ya raka ta. In Oktoba ta gabato kuma ka koma ka tambayi ɗiyan aji nawa za su shiga, da littafi nawa mushe ya rubuta masu.