Shawara ga masu zuwa Iskandariyya daga Alƙahira

'Yan'uwa masu shirin leƙa Iskandariyya a hutu, kada ku tsaya kan Ganuwar Ƙaitbay ta 1477 da bakin teku kawai.

In kun bi hanyar hamada, ku ratse Wadi Natrun. Gidajen sufayen Kiristocin Kibɗawa huɗu ne ke nan da ransu har yau: Anba Bishoy, Suryan, Baramus da Abu Maƙar, tushensu tun ƙarni na 4 zuwa na 6. Amma ku tambaya kafin ku tashi, don lokacin azuminsu sukan rufe ƙofa ga baƙi. Mu mun taɓa yin asarar kuɗin mota haka, mai gadi ya ce sai bayan azumi, muka juyo da ƙura a ka.

Ku sa sutura mai rufe jiki, ku cire takalmi a bakin coci kamar yadda za ku yi a masallaci, kada ku ɗauki sufi hoto sai da izininsa.

Cikin gari kuwa, Masallacin Abul Abbas Mursi na kusa da kabarin Imam Busiri, mai Burda. Ku je da hantsi, kafin cunkoso.