Kurakuran da aka fi yi wajen tsara littattafai da neman aikin laburare a Legas

A Agege da Idi-Araba da Mile 12, makarantun Islamiyya da na boko masu zaman kansu da dama sun ware ɗaki guda don littattafai. Wasu littattafan saya aka yi, wasu kuma sadaka ce daga masu hali. Yawanci wani malami ake ɗora wa nauyin ɗakin, ko ɗan bautar ƙasa da aka turo makarantar. Niyya mai kyau ce, amma bayan shekara guda sai ka tarar ɗalibi ya zo neman littafin da kowa ya san akwai shi, an yi nema har an gaji. Littafin da aka ajiye ba a muhallinsa ba, da shi da wanda aka sace duk ɗaya ne a wurin mai nema.

Tushen matsalar shi ne haɗa lambobi biyu da aikinsu ya bambanta. Akwai lambar rajista, wadda ake ba kowane kwafi ranar da ya shigo: na farko 1, na biyu 2, haka har gaba. Amfaninta sanin dukiyar ɗakin, me ya shigo, daga ina, yaushe. Akwai kuma lambar kanta, wato ta kantar da ake jera littattafai, wadda ke nuna fannin littafi da inda zai zauna. Mutane da yawa suna jera littattafai da lambar rajista, sai ka ga littafin lissafi maƙwabcin na girki saboda rana ɗaya suka zo. Gyaran shi ne a bar lambar rajista a cikin littafi da cikin rajista, a manna lambar kanta a ƙeyarsa. Ƙaramin ɗakin karatu ya ɗauki tsarin Dewey, wanda Melvil Dewey ya fitar a 1876, mai raba ilimi gida goma daga 000 zuwa 900. Jami'o'in ƙasar nan galibi suna bin tsarin Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka, mai haɗa haruffa da lambobi. Kowanne aka ɗauka, a tsaya a kansa. Wanda ke kwafo lambobi daga intanet ba tare da dubawa ba, yau ya ɗauko 297 na Dewey, gobe BP na tsarin Amurka, alhali duka biyun Musulunci suke nufi, zai raba littattafan fanni ɗaya gida biyu.

Kuskuren da ya fi damuna ya shafi littattafanmu kai tsaye. Da zarar an ga rubutun Larabci a bango, sai a jefa littafin cikin 297. Wannan ya zama ruwan dare a ɗakunan karatun da ma'aikatansu ba sa karanta Larabci, har ma da na Islamiyya inda ake karantawa amma ba a san tsarin ba. Harshen da aka rubuta littafi da shi ba shi ne fanninsa ba. Littafin nahawu ko ƙamus na Larabci 492.7 ne gidansa, waƙoƙi da ƙirƙirarrun labaran Larabci suna 892.7, lissafi 510 ko da wane harshe aka rubuta shi, likitanci 610. A cikin 297 ɗin ma akwai ɗakuna: Alƙur'ani da tafsirinsa 297.122, tarihin Annabi (SAW) 297.63. Makarantar da rabin littattafanta na addini ne, in ta tsaya a 297 kawai ba ƙari, ba ta tsara komai ba.

Ajami ya fi shan wahala. Waƙar wa'azi ta Hausa da aka rubuta da baƙaƙen Larabci, sau da yawa ana shigar da ita katalog, wato jerin bayanan littattafan ɗakin, a matsayin Larabci, daga nan mai binciken adabin Hausa ba zai taɓa cin karo da ita ba. A rubuta harshen Hausa ne, wanda alamarsa a MARC, tsarin shigar da bayanan littattafai a kwamfuta, ita ce hau, sannan a ƙara bayani cewa da ajami aka rubuta. Wanda bai iya bambancewa ba ya kai wa malamin allo, a layi biyu zai gaya masa.

Hausar boko ma ba ta tsira ba. Dewey ya ajiye yawancin harsunan Afirka a 496, nan Yarbanci yake a 496.333, don haka ma'aikaci a Legas yakan ɗauka Hausa ma can take. Ba can take ba. Hausa daga dangin harsunan Chadi ta fito, lambarta 493.72, adabinta kuma 893.72. A tsarin Amurka tana tsakanin PL8231 da PL8234. Kuma littafin da ke koyar da noman albasa da Hausa littafin noma ne, ya tafi cikin 630, ba wurin harshe ba. Tarihin Najeriya 966.9, ko na Kano ne ko na Ikko. Idan makaranta na son masu karatun Hausa su ga littattafansu da sauƙi, a sa wata alama mai launi a ƙeyar littafin, a bar lambar yadda take.

Duk wannan yana faruwa ne saboda ana yanke wa littafi hukunci daga sunansa. A buɗe shi. A karanta ƙumshiya da gabatarwa, a leƙa babi ɗaya ko biyu, sannan a tambayi kai: wanda zai zo neman wannan littafin, me zai ce yana nema?

Sai sunayen marubuta. Alhaji, Malam, Shehi, Dakta, Farfesa, duk girmamawa ce, ba da su ake shigar da mutum katalog ba, in ba haka ba rabin marubuta za su taru a ƙarƙashin harafin A. Abin da ya fi wannan wuya shi ne mutum ɗaya mai sunaye barkatai. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rayu daga 1754 zuwa 1817, za ka same shi a Usman dan Fodio, da Uthman ibn Fudi, da wasu rubuce-rubucen daban. A zaɓi siga ɗaya, a rubuta ta a wani littafi na musamman, sauran sigogin duk su riƙa nuni zuwa gare ta. Haka za a yi wa marubutan da sunansu ya ƙare da sunan gari. Baƙaƙe masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, a rubuta su daidai, amma a ƙara sunan littafin ba lanƙwasa a matsayin suna na biyu, don mai nema da waya ba lallai ne yana da su ba. Al- ta farkon sunan littafin Larabci ba a lissafa ta wajen jeri. Shekarar Hijira kuma a rubuta ta yadda take a littafin, a biyo ta da ta Miladiyya; kada a ga 1420 a ɗauka kuskuren ɗab'i ne.

Masu amfani da manhajar Koha ta tafiyar da aikin laburare, wadda kyauta ce kuma ɗakunan karatu da yawa a ƙasar nan sun rungume ta, su riƙa ajiye kwafin bayanansu a wani wuri daban duk mako. Danshin Legas kuma yana ɓamɓare takardar ƙeya, a rubuta lambar kanta da fensir a cikin littafin ma.

A ɓangaren neman aiki, kuskuren farko rashin karanta matakin da aka tallata. Jami'in laburare mai difloma daban, cikakken ma'aikacin laburare mai digiri a fannin daban, mataimaki mai takardar sakandare daban. A jami'o'i irin su ta Legas da ke Akoka da ta jihar da ke Ojo, cikakken ma'aikacin laburare cikin malamai ake lissafa shi, ana tambayar digiri na biyu, ƙarin girma kuma sai da maƙalun da aka wallafa. Na biyu, jinkirta rajista da LRCN, hukumar da dokar 1995 ta kafa don yi wa masu sana'ar rajista. Kada a bari sai an ga talla sannan a fara, lokacin ba ya isa. Ƙungiyar ma'aikatan laburare ta ƙasa, NLA, wadda ke nan tun 1962, tana da sashe na masu katalog da rarraba littattafai, kuma a tarukansu ake fara jin inda gurbi zai buɗe.

Wasu kuma ba sa duban ko'ina sai jami'a. Legas na da kwalejin fasaha ta Yabatech, da reshen Ɗakin Karatu na Ƙasa a Yaba, da Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasashen Waje a Victoria Island, da ofisoshin lauyoyi da gidajen jarida da manyan makarantu masu zaman kansu. Mai son ofishin lauyoyi ya koyi tsarin Moys, wanda aka fitar a 1968 don littattafan shari'a. Duk wanda ya ce a biya kuɗi kafin a ba da takardar ɗaukar aiki, a guje shi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne ganin yaranmu da suka karanta fannin a Zariya ko Kano suna ɓoye Hausa da Larabci da ajami a takardar bayanin kansu, suna ganin ba abin faɗa ba ne a Kudu. Ku rubuta su a sarari, kusa da sunayen tsare-tsaren da kuka iya da manhajar da kuka taɓa aiki da ita, domin ba kowane mai neman gurbin ba ne zai iya ɗaukar littafin Larabci ya ba shi lamba. A wajen ganawa kuma akan miƙo wa mutum littafi a ce ya fitar da marubuci da fanni da lambar kanta nan take. Kafin ranar, a je ɗakin karatun Islamiyyar unguwa a roƙi izini, a ɗauki littattafai ashirin a yi musu katalog da hannu, a tafi wurin ganawar da takardun a jaka.