Yadda za ka auna tsohon ɗan baya kafin ka ce ya zo cin fansho

Duk ranar da kulob ya ɗauko ɗan baya da ya haura shekara 32, tun kafin mutumin ya sa riga gidan kallo ya rabu biyu. Wasu su ce an kawo mana dattijo, ya zo cin fansho. Wasu kuma su hau lissafa kofunan da ya ɗaga a inda ya baro, sai ka ce da kofunan zai shiga fili. Duka ɓangarorin sun yanke hukunci ba su kalli ƙwallo ba. Ni Chelsea nake yi tun zuwan Mikel a 2006, kuma mun sha wannan gardama a kan Thiago Silva a 2020 har muryoyi suka dishe. Da shi zan fi yin misali, amma hanyar ɗaya ce ko wace ƙungiya kake yi.

Ka fara da jikinsa, ka bar shekarunsa tukuna. Wanda zai sayi mota 'yar Kwatano ba ya tsayawa a kan shekarar da aka ƙera ta, buɗe inji yake yi. Abin da za ka nema shi ne wasa nawa mutumin ya buga a kaka biyu da suka wuce, kuma me ya hana shi buga sauran. Silva ya zo Chelsea yana da shekara 35, saura makonni ya cika 36, amma kwana biyar kafin a sanar da zuwansa shi ne kyaftin ɗin PSG a wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai da Bayern Munich a Lisbon, ranar 23 ga Agusta 2020. Daga fili ya taho, ba daga gadon asibiti ba. Ka kwatanta da Sergio Ramos, wanda shi ma yana da 35 ya tafi PSG a Yulin 2021. A kakarsa ta ƙarshe a Real Madrid an yi masa aiki a gwiwa, wasa 15 kawai ya buga a La Liga. Ya je Faransa sha-raɓa ta hana shi sakat, sai ƙarshen Nuwamba ya fara buga musu wasa, kakar duka wasa 12 ya yi a gasar ƙasar. Rio Ferdinand ma da ya koma QPR a 2014, wasa 14 ya buga wa Manchester United a Firimiya a kakar da ta gabata. A QPR ya yi 11, ƙungiyar kuma ta faɗi daga gasar. Shi kam a yi masa adalci, a wannan kakar yana fama da jinyar matarsa, wadda ta rasu a Mayun 2015. Abin lura dai, lissafin wasannin baya yakan gaya maka abin da ke tafe fiye da sunan mutum.

Nau'in raunin ma ka duba. Karaya takan warke a wuce wurin. Tsokar cinya da sha-raɓa da matsematsi su ne masu komowa, kuma su suka fi bin tsofaffi.

Daga nan sai kwantiragi, wanda ba ya buƙatar dogon bayani. Shekara ɗaya Chelsea ta ba Silva, ba ta biya PSG ko sisi ba, ta riƙa sabunta masa kaɗan-kaɗan har 2024. Da abin bai yi ba, da an rabu lafiya. Kalidou Koulibaly kuwa yana da 31 aka saye shi daga Napoli a 2022 a kan fam miliyan 30 da 'yan kai, aka ba shi shekara huɗu, bayan kaka ɗaya ya kama hanyar Al-Hilal. Idan ka ga an ba mai shekara 33 kwantiragin shekara uku ko huɗu, shugabannin kulob za ka tuhuma, ba shi ba. Wa za a miƙa wa wannan takarda ya ƙi sa hannu?

To, ya shigo fili. A nan ne yawancinmu muke kuskure, domin ido ƙwallo yake bi, kyamara ma ƙwallo take bi, alhali aikin tsohon ɗan baya kusan duka yana ƙarewa kafin ƙwallo ta iso wurinsa. Ka ware minti 15 a cikin wasa ka ce shi kaɗai za ka kalla. Ka zauna inda kake ganin talabijin sosai, ka toshe kunne daga masu ihu a bayanka. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ad da gola zai buga daga gida, ko aka tsaya bugun tazara daga nesa, saboda a nan kyamara take ja baya ta nuna maka layin 'yan baya gaba ɗaya.

Dubi tsayuwarsa idan ɗan tsakiyar abokan hamayya ya ɗaga kai babu wanda ya matsa masa. Wanda ya san aiki zai riga ya juya jikinsa a karkace, ya ja baya taku biyu ko uku kafin a saki ƙwallon. Wanda ya tsaya ƙirjinsa na fuskantar mai ƙwallo, ƙafafu a jere, sai an cilla masa ta baya sannan zai juya, kuma mai shekara 35 idan ya juya a makare ba zai ƙara ganin ɗan gaba ba sai lambar rigarsa. Waɗannan taku biyun su ne duk jarin da ya rage masa a madadin gudu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma a ƙwallo ana iya ganin wannan da ido: ƙwallo ta taho kamar za ta yi haɗari, sai ka tarar mutumin yana tsaye a wurin yana jiranta, ya tare da ƙirji ya miƙa wa na kusa. Gidan kallo ba ya tafa wa irin wannan. Tafi sai an zube ƙasa an share ƙafar mutum. Ni kuwa idan na ga wandon tsohon ɗan baya ya yi kore da ciyawa tun kafin hutun rabin lokaci, hankalina tashi yake yi, don yawan zubewa ƙasa alama ce ta yawan zuwa a makare. Shi ya sa bidiyon minti uku da ake haɗawa a YouTube da TikTok ba ya amfana maka komai a wannan awo. Tarin lokutan da ya makara ya ceci kansa ne aka jera maka da kiɗa.

Dubi hannunsa da bakinsa. Yana nuna wa na gefensa inda zai tsaya? Idan ya matsa gaba layin yana binsa, ko kowa tasa yake yi? Idan aka kama abokan hamayya da satar gida, duba a maimaici ka ga wa ya ɗaga layin. Da Silva ya zo, masu suka sun ce ba ya jin Turanci, yaya zai ja ragamar baya a Ingila. Gaskiya ne ba ya ji sosai, amma shekara takwas ya yi a Faris, kuma Kurt Zouma da ke gefensa, da gola Edouard Mendy, da N'Golo Kante a gabansa duk Faransanci suke yi, har Azpilicueta ya zauna a Marseille. Kafin ka ɗauki irin wannan suka, duba su wa zai yi wa magana a filin.

Sai abin da na fi so mutane su riƙe: wa ke gefensa, kuma a ina koci ya ce layi ya tsaya. Tsoho ɗaya zai iya zama gwani a wannan tsari ya zama abin dariya a wancan, a cikin wata ɗaya. 'Yan Arsenal sun ga haka da idonsu. David Luiz ya zo musu daga Chelsea a Agustan 2019 yana da 32, kuma a wannan kakar sau biyar ya jawo musu fenariti a Firimiya. Ranar 17 ga Yuni 2020 a gidan Manchester City, daga benci ya shigo cikin tsarin 'yan baya huɗu, ya yi kuskuren da Sterling ya ci, ya jawo fenariti, aka ba shi jan kati. Bayan wata ɗaya suka sake haɗuwa da City ɗin nan a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin FA. Kocin Arsenal Arteta ya sa shi a tsakiyar 'yan baya uku, aka ja layi kusa da raga, duk ƙwallon da aka jefo sama kansa take samu. Arsenal ta ci 2-0, ta je ta ɗauki kofin a kanmu, abin da har yau ba na son tunawa. Mutumin bai sake ƙafa ba tsakanin Yuni da Yuli. Filin da ke bayansa ne aka rage.

Haka Silva. Ya yi ƙoƙari a hannun koci Lampard, amma da Thomas Tuchel ya zo a Janairun 2021, wanda dama ya horar da shi a PSG, sai ya koma 'yan baya uku: Rudiger a hagu yana tseren da tsoho ba zai iya ba, Azpilicueta a dama, Kante da Jorginho suna toshe gaba. Aikin Silva ya koma karanta wasa da raba ƙwallo, abin da ya fi kowa iyawa. Don haka idan kocinku yana son layi a tsakiyar fili, kuma abokin tsayuwar sabon dattijonku shi ma ba ya gudu, to ka shirya ganin ana cilla musu ƙwallo ta baya duk mako, kuma laifin na wanda ya haɗa su ne.

Wasan farko kuwa, ka kalle shi ka manta. Na farkon Silva a Firimiya a gidan West Brom ne, ranar 26 ga Satumba 2020, har da kambun kyaftin a hannunsa. An ba shi ƙwallo a baya, ta kuɓuce masa a ƙafa, Callum Robinson ya ɗauke ya ci. Kafin rabin awa an zura mana uku, da ƙyar Tammy Abraham ya farke ta ƙarshe aka tashi 3-3. A daren nan babu sunan da ba a kira shi ba. A Afrilun 2021, ranar da ya dawo daga raunin cinya, West Brom ɗin dai ta ci mu 5-2 a gidanmu, shi kuma an kore shi da jan kati tun kafin hutu. Wanda ya tsaya a waɗannan wasanni biyu zai rantse an yi asara. Amma a kakar da ta gabaci zuwansa ƙwallo 54 aka zura wa Chelsea a Firimiya, a kakarsa ta farko 36, kuma ranar 29 ga Mayu 2021 aka ɗaga kofin Zakarun Turai a Porto. Ba shi kaɗai ya yi ba. Mendy ya karɓi raga daga Kepa, Chilwell ya zo, Tuchel ya zo, kuma a wasan ƙarshen ma Silva fita ya yi da rauni kafin hutu, Christensen ya ƙarasa. Duk wanda ya ce maka mutum ɗaya ne ya gyara baya, yana so ne kawai ya ci gardama.

Ni awona wasa goma ne, kuma sai sun haɗa da abu uku: wasa da ƙungiya mai ɗan gaba mai gudu, wasa a waje da ƙungiyar da ke jefa ƙwallo sama tana neman kwana, da kuma makon da aka buga Laraba aka sake bugawa Asabar. Na ukun nan shi ne ke tona asirin shekaru. A Ingila ka jira Disamba, lokacin da wasanni suke cunkushewa. Idan koci yana ajiye shi a wasa ɗaya cikin uku, kada ka ɗauka gazawa ce, haka ake tafiyar da irinsu. Kuma ko ya fara da kyau kada ka yi saurin rera masa waƙa, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Alamomin wanda ƙafa ta ƙare masa ba sa ɓoyuwa. Zai fara ja da baya shi kaɗai yana lalata layi, don tsoron a wuce shi, sai ka ga abokan hamayya sun daina faɗawa satar gida. Zai fara riƙe riga. Katinsa na gargaɗi zai riƙa fitowa a tsakiyar fili, inda ya ga gara ya kayar da mutum da a yi tsere. Bayan minti 70 kuma sai ka ga hannunsa a ƙugu kafin kowane bugun kwana. Idan ka ga uku daga cikin waɗannan suna maimaituwa wasa bayan wasa, kana da hujjar faɗar abin da kake so.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubutawa a kwantiragi, wato yaron da ya tare wa hanya. Zuwan Silva na cikin abin da ya hana Fikayo Tomori samun wasa, aka tura shi aro AC Milan a Janairun 2021, suka saye shi, ya ɗauki Serie A da su a 2022. Marc Guehi ma an sayar wa Crystal Palace a 2021, ya zama ɗan bayan tawagar Ingila. A ganina Silva ya biya wannan bashi: kaka huɗu, kofin Zakarun Turai, Super Cup, kofin kulob-kulob na duniya, har magoya baya suka zaɓe shi gwarzon kulob a 2023 yana da 38, duk da kakar ce muka ƙare na 12. Da a ce kaka ɗaya ya yi ya tafi kamar Koulibaly, da lissafin ya juye. Saboda haka kafin ka yi murna ko ka yi tsaki, buɗe jerin 'yan wasanku ka duba ɗan baya mai shekara 21 ko 22 da zai koma benci saboda zuwan wannan dattijo, ka kuma duba shekara nawa ta rage wa yaron a kwantiraginsa.