Yadda ake haɗa kunun aya da dabino da kwakwa don ma'aurata

Kowace al'umma da abin da ta yarda yana ƙara wa ma'aurata kuzari, Turawa kawa suke ci (wata 'yar halittar teku mai ɓawo), mutanen Peru kuma saiwar maca, mu a nan aya ce da dabino da kwakwa, har a Ghana ma mazansu sun yarda da aya sosai. Ni dai uwargida na fi son ki haɗa da hannunki a kan ki sayi irin kwalaben nan na tasha, don an sha kama irinsu an zuba musu maganin bature na ƙarfin maza a ɓoye, kuma mai ciwon zuciya in ya sha zai iya shiga uku wallahi.

Ki nemi busasshiyar aya gwangwani 3, dabino kamar 15, kwakwa rabi, ɗanyar citta kaɗan da kanumfari 4.

Farko ki tsince ayar ki rege ta sosai, nan ne aikin yake gaskiya don aya akwai tsakuwa da ƙasa, in kika yi ganganci blandarki ce za ta ji jiki. Ki zubar da duk wadda ta yi baƙi ko ta taso saman ruwa, guda ɗaya ruɓaɓɓiya sai ta ɓata miki ɗanɗanon kunun gaba ɗaya. Sai ki jiƙa ta ta kwana, in lokacin zafi ne ki canza ruwan ko sau ɗaya kar ta fara tsami tun a roba. In ɗanyar aya kika samu ba sai ta kwana ba.

Dabinon ki cire ƙwallon, ki leƙa ciki ko da tsutsa, ki jiƙa shi a ruwan ɗumi kamar awa 2, kar ki zubar da ruwan don da shi za ki markaɗa. Kwakwar ki kankare bayanta ki yanka ƙanana.

Yanzu ki haɗa duka da citta da kanumfari ki markaɗa kaɗan kaɗan, in inji za ki kai a tabbatar an wanke shi kar ya dawo miki da yajin wani. Ki tace da kyalle mai tsabta ki matse, ki ƙara ruwa kaɗan a dusar ki sake matsewa. Kar ki cika ruwa fa, kaurin shi ne daɗin. Suga ba ya shiga, dabino ya isa, shi ya sa ma mai ciwon suga ya rage yawan dabinon ko ya tambayi likitansa.

Wasu matan suna ƙara goron tula, wancan na garin Tula a jihar Gombe, sun ce yana saukar da ni'ima, amma yana da yauƙi don haka biyu sun isa.

Ki sa a firij nan take ku sha ke da maigida a ranar, don kunun aya ba ya jure zafi, in NEPA suka ɗauke wuta ki nemi ƙanƙara, in kuma kika ji ya fara tsami ko yana kumfa to zubarwa kawai.