Yadda Ake Rubuta Littafin Soyayyar Matasa Mai Aljanu da Fatalwa, Har Ya Zama Sana'a

Soyayya tsakanin yarinya 'yar sakandare da wata halitta da ba ɗan Adam ba, aljani ne ko fatalwa ko mai shan jini ko mai rikiɗa da dare, ta zama babban reshe na adabin matasa tun tsakiyar shekarun 2000. Kamfanonin ɗab'i a Amurka da Ingila suna ware wannan adabi ga 'yan shekara 12 zuwa 18, amma manya ma ba a bar su a baya ba wajen saye. Ga matakan da za ka bi.

Mataki na farko: kafa wa halittar doka

Nan ne yawancin sababbin marubuta ke zamewa. Sai su ba saurayin kyau da ƙarfi da dukiya, yana ɓacewa, yana tashi sama, babu abin da ya gagare shi. To, in babu abin da ya gagare shi, me zai hana shi samun yarinyar tun a babi na biyu? Kafin ka rubuta ko layi ɗaya na hira, ɗauki takarda ka amsa tambaya uku: me yake iyawa, me ba ya iyawa, kuma me yake rasawa duk lokacin da ya yi amfani da ƙarfinsa.

Ga misali. A ce saurayin fatalwa ne da ba ya iya fita daga ɗakin karatu na makarantar da ya rasu a ciki. Yana iya taɓa abu, amma kowace taɓawa tana goge masa wani abu daga abin da yake tunawa na rayuwarsa. Wata rana yarinyar ta hau tsani za ta ɗauko littafi, ƙafarta ta zame, ya miƙa hannu ya tare ta. Da ta tambaye shi sunan mahaifiyarsa washegari, sai ya yi shiru yana kallon ƙasa. Ba ka buƙatar rubuta "yana matuƙar ƙaunarta", mai karatu ya riga ya gani. Doka ɗaya ta ba ka shingen da ke tsakaninsu, ta ba ka sadaukarwa, ta kuma nuna inda labarin zai ƙare. Sharaɗin dai kada ka karya ta a babin ƙarshe don ka ceci jarumanka. Masu karatu ba sa yafe wannan.

Mataki na biyu: ba jarumar rayuwarta

Ka sa shekarunta tsakanin 15 da 17, domin matasa sun fi son karanta labarin wanda ya ɗan girme su. Ta kasance tana da abin da take nema tun kafin saurayin ya bayyana: jarrabawar da za ta fitar da ita, ƙanwar da take kula da ita, ƙawar da suka ɓata. Yawancin irin waɗannan littattafai da bakin jarumar ake ba da labarin, "na ga", "na ji", saboda hakan ya fi kusanto da mai karatu.

Akwai wani abu da nake ganin bai kamata a kau da kai a kansa ba. Idan saurayin ya shekara ɗari uku a duniya, ita kuwa sha shida, akwai rinjaye a tsakaninsu. Bibiyarta a ɓoye, hana ta ƙawaye, yanke mata shawara, duk kada ka shafa musu zuma ka kira su so. Wadda za ta karanta littafin wataƙila ba ta taɓa soyayya ba, daga wurinka take ɗaukar ma'auni. Ka ba jarumar ikon cewa a'a, kuma a ƙarshe ita ce za ta yi zaɓin da zai warware rikicin.

Mataki na uku: rubuta har ƙarshe

Tsawon da aka saba gani kalma 60,000 ne zuwa 90,000. Mai rubuta kalma 500 kullum zai kai 70,000 cikin kwana 140. Jarumar da saurayin su haɗu da wuri, sirrin cewa shi ba mutum ba ne ya fito kafin tsakiya, kuma kada ka koma gyaran babin farko sai ka ga ƙarshen labarin.

Mataki na huɗu: gyara

Ajiye rubutun na 'yan makonni, sannan ka karanta shi da babbar murya, musamman hirarrakin. Ka rage salon maganar da ake yayi, domin kafin littafi ya fito ya tsufa. Sai ka ba matasa biyu ko uku su karanta. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, kunya za ta sa su ce e. Tambaye su a wane shafi suka ajiye suka ɗauki waya.

Mataki na biyar: zaɓi hanyar fitarwa

Manyan kamfanonin ɗab'i na Amurka da Ingila galibi ba sa karɓar rubutu sai ta hannun wakili, wato mai shiga tsakanin marubuci da kamfani ya sayar masa da littafi. Kana aika masa wasiƙa mai shafi ɗaya da ke bayyana labarin da tsawonsa, in ya ɗauke ka ya sayar, yakan karɓi kashi 15 cikin ɗari na abin da ka samu. Wakilin gaske ba ya neman kuɗi daga aljihunka kafin ya sayar. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin dubawa, ka kama gabanka.

In kuma da kanka za ka fitar, Amazon ya buɗe dandalinsa na Kindle, na littattafan da ake karantawa a na'ura, ga marubuta tun 2007, yana biyan kashi 35 ko 70 cikin ɗari na kuɗin littafin gwargwadon farashin da ka sa da ƙasar da aka saya. Amma bango da gyara da talla duk a wuyanka suke. Wattpad, wanda aka kafa a Kanada a 2006, wuri ne na sakin labari babi-babi ana tara masu bibiya. Kowace hanya ka bi, karanta yarjejeniya da kyau kafin sa hannu, ka duba wa ke riƙe da haƙƙin fassara da na fim da na littafin sauraro, da kuma shekara nawa.

Mataki na shida: littafi na biyu

Kasuwar nan tana da yayi. Bayan 2010 labaran duniyar da ta rushe suka janye hankalin matasa, daga baya kuma masu tallar littattafai a TikTok suka sake farfaɗo da soyayya mai sihiri. Kamfani yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu kafin ya fitar da littafin da ya saya, don haka mai bin yayi kullum a makare yake. Ka fara na biyu tun na farko yana hannun masu dubawa. In jerin littattafai kake nufi, ka rufe rikicin na farko tsaf, ka bar ƙofa ɗaya kawai a buɗe, domin sau da yawa kamfani ba ya neman ci gaba sai ya ga cinikin na farkon.