Yadda Ake Buga Hoton Bishiya da Hannu Ta Hanyar Sayanotaif

Sayanotaif hanya ce ta fitar da hoto mai launin shuɗi a kan takarda ba tare da injin wanke hoto ba, kuma masanin kimiyyar nan na Ingila, John Herschel, ne ya gano ta a 1842. Shekara guda bayan haka Anna Atkins, wata masaniyar tsirrai 'yar Ingila, ta fara fitar da littafinta na hotunan ciyayin teku da wannan dabara, don haka tun fil azal sana'ar tana tare da tsirrai.

Aikin yana farawa ne tun daga ɗaukar hoton, kuma a nan ne yawancin masu koyo suke yin tuntuɓe. Tunda launi ɗaya tak zai fito, kurmi mai cunkushe da ganye yakan koma dunƙulen shuɗi wanda ba a bambance reshe da inuwa, alhali bishiyar da ta kaɗe ganyenta, kamar kuka da rani ko gawo da damina, idan aka ɗauke ta sararin sama na bayanta, kowane reshe zai fito rangaɗaɗau. Safiyar da hazo ya sauka ita ma tana da kyau, domin bishiyoyin nesa suna yin haske-haske, na kusa kuma su yi duhu, sai dajin ya sami zurfi.

Daga nan sai a mayar da hoton baƙi da fari a kwamfuta, a juya shi ya zama nagatif, wato sama ta koma baƙa rassan kuma su yi fari, sannan a buga shi a kan farar leda mai garai-garai. Girman wannan leda shi ne girman hoton da za a samu.

Sinadaran guda biyu ne. Ana narkar da giram 25 na koren garin ferik amoniyam sitiret a cikin mililita 100 na tsabtataccen ruwa, a kuma narkar da giram 10 na jan gishirin fotasiyam ferisayanaid a cikin wani ruwan mililita 100, kowanne a kwalbarsa mai duhu. Sai lokacin aiki ake haɗa su daidai wa daida, gwargwadon buƙata, domin haɗin ba ya daɗewa. A sa safar hannu, kuma kada a kuskura jan gishirin ya haɗu da asid mai ƙarfi, saboda yana iya fitar da iskar guba.

A cikin ɗaki mai ƙarancin haske, a shafa haɗin da buroshi mai laushi a kan takarda mai kauri irin ta masu zane da fentin ruwa, a bar ta ta bushe sarai a cikin duhu. A ganina gara a bar sawun buroshin a gefen takardar, domin shi ne shaidar cewa hannu ya yi aikin.

Idan ta bushe, a kifa nagatif a kanta, a danne su da gilashi a kan katako, a matse su gam da abin maƙale takardu domin kada ƙananan rassa su dushe, sannan a fitar rana. Lokacin yakan kama daga minti biyar zuwa ashirin gwargwadon ƙarfin rana, shi ya sa ya fi dacewa a fara gwaji da ƙyallen takarda. Alamar cewa hoton ya nuna ita ce launin ruwan ɗorawa na haɗin da aka shafa, wanda ke gefen takardar, ya rikiɗe ya zama toka-toka.

Sai a wanke ta da ruwan sanyi na kimanin minti biyar, har sai ɗorawar ta fita gaba ɗaya daga wuraren da ya kamata su yi fari. Shuɗin zai ƙara kankama yayin da takardar take bushewa a inuwa, ko da yake ɗigon haidirojin feroksaid, wato ruwan maganin nan na wanke ciwo, a ruwan ɗauraya yana fito da shi nan take. Sabulu da kanwa da toka suna cinye wannan launi, don haka a nisanta su da wurin aiki. Wanda kuma yake son kututturen bishiyar ya yi kalar ƙasa-ƙasa, yana iya jiƙa hoton a cikin baƙin shayi mai kauri da ya huce, yana dubawa lokaci-lokaci, domin shayin yana rina farin takardar ma.