Yadda Ɗalibi Zai Karanci Koyarwar Baɗinin Yahudawa a Kan Rai da Bautar Ubangiji

Ɗalibin da ke nazarin addinai a Zariya, ko yana Samaru ne ko Kongo, ko kuwa almajirin zaure ne a cikin birni wanda ya sauke littattafan tasawwufi yana son jin abin da wasu al'ummomi suka faɗa game da zuciya, yakan yi tuntuɓe tun daga bakin ƙofa idan ya nufi ilimin baɗinin Yahudawa da ake kira Kabala. Yawancin masu nema da Zohar suke farawa saboda shi ne ya fi suna, alhali littafi ne da aka rubuta mafi yawansa da harshen Aramiyanci, ya bayyana a ƙasar Sifen a ƙarshen ƙarni na 13 ta hannun Musa de Leon wanda ya rasu a 1305, kuma maganarsa kusan duk ishara ce da ramzi waɗanda ba sa buɗuwa sai da malami. Wanda ya fara da shi zai tashi da tarin sunaye ba tare da ya san inda ake amfani da su ba. Shawarata ita ce a ajiye shi tukuna, a shiga ta littattafan da aka rubuta domin mai ibada na yau da kullum.

Kafin ka buɗe komai, ka daidaita manufarka. Musulmi yana da ƙa'ida a hadisin da Buhari ya ruwaito, cewa kada a gaskata Ma'abota Littafi kuma kada a ƙaryata su a kan abin da suka ba da labari, don haka wannan karatu na sanin abin da suka ce ne, ba na neman hanyar ibada ba. Ɗalibi Kirista daga Wusasa ko Sabon Gari yana da sauƙi ta wata fuska, domin ayoyin da waɗannan littattafai ke jawowa na Tsohon Alkawari ne, kuma ana iya duba su a Littafi Mai Tsarki na Hausa. Ko wanne ne kai, ka samu littafin rubutu ka raba kowane shafi gida biyu da layi. A gefe ɗaya ka rubuta abin da marubucin ya ce, da lambar babi, a ɗaya gefen kuma ka rubuta abin da maganar ta tuna maka daga naka addinin. Sharaɗin shi ne kada alƙalami ya taɓa gefe na biyu sai ka kammala babin, saboda kamanceceniyar tana da yawa, kuma mai gaggawa zai yi ta karanta Gazali a cikin littafin da ba Gazali ne ya rubuta ba.

Idan kana jin Larabci, fara da littafin Bahya ibn Pakuda, wani alƙalin Yahudawa da ya rayu a Saragosa ta Andalus a ƙarni na 11; sunan littafin Al-Hidaya ila Fara'id al-Ƙulub. Da Larabci ya rubuta shi amma da haruffan Ibrananci, kamar dai yadda ake rubuta Hausa da ajami, kuma an buga asalin Larabcin a birnin Leiden a 1912. Ba littafin Kabala ba ne, amma shi ya kafa tambayar da na bayansa suka gada, wato mene ne wajibin zuciya bayan wajibin gaɓoɓi. Babobinsa 10 ne, daga ciki akwai na tauhidi, da tawakkali, da ikhlasi, da tawali'u, da tuba, da muhasaba, da zuhudu, ya rufe da son Allah. Almajirin da ya yi karatun zaure ba zai ji baƙunci a nan ba, domin marubucin ya sha daga rubuce-rubucen sufayen Musulmi.

Littafin da ya kamata ka zauna a kansa sosai shi ne Tanya, na Rabbi Shneur Zalman na garin Liadi, a ƙasar Belarus ta yau, wanda ya rayu daga 1745 zuwa 1812. An fara buga shi a 1796. Silsilarsa a taƙaice ita ce: bayan an kori Yahudawa daga Sifen a 1492, garin Safad na yankin Galili ya zama cibiyar Kabala, inda Ishaƙu Luriya ya koyar har rasuwarsa a 1572, almajirinsa Hayim Bital ya rubuta koyarwar, daga baya Ba'al Shem Tob, wanda ya rasu a 1760, ya kafa tafarkin Hasidawa a yankin Yukren, ya sauko da wannan ilimi zuwa ga talakawa, shi kuma Shneur Zalman almajirin magajinsa ne, Dob Ber na Mezeric. Kashin farko na Tanya babi 53 ne, shi kaɗai ya ishe ka a zagayen farko, kuma ana samunsa kyauta a intanet da Ibrananci tare da fassarar Turanci da sharhi, a shafin Sefaria da na ƙungiyar Chabad.

Daga babi na 1 zuwa na 9 marubucin yana shimfiɗa ƙirar ɗan Adam ne, kuma nan ne za ka yi a hankali. Tsofaffin littattafan Yahudawa sun ambaci sunaye biyar na rai, wato nefesh, ruwah, neshama, haya da yehida, waɗanda masu Kabala suka mayar matakai daga na ƙasa zuwa na sama, amma Tanya bai daɗe a kansu ba. Abin da ya gina littafinsa a kai shi ne rai biyu a jiki ɗaya. Akwai ran dabba, wanda mazauninsa ɓangaren hagu na zuciya ne inda jini ya cika, kuma munanan halayensa sun fito daga asali huɗu: fushi da girman kai daga wuta, kwaɗayin jin daɗi daga ruwa, shashanci da alfahari da zancen banza daga iska, lalaci da baƙin ciki daga ƙasa. Akwai kuma rai na Ubangiji, wanda mazauninsa ƙwaƙwalwa ce da ɓangaren dama na zuciya. A babi na 9 ya kwatanta jiki da ƙaramin birni wanda sarakuna biyu ke yaƙi a kansa, kowanne yana son mutanen garin, wato gaɓoɓi, su yi masa mubaya'a.

Wurare biyu a wannan yanki za su tsayar da kai, kuma bai dace ka tsallake su ba. A ƙarshen babi na 1 marubucin ya ce rayukan al'ummomin da ba Yahudawa ba sun fito ne daga tushen da babu alheri a cikinsa, magana mai nauyi wadda malaman Yahudawa da kansu suka yi saɓani a kanta, wasu suka taƙaita ma'anarta, wasu suka ƙi ta. A farkon babi na 2 kuma ya kira rai na biyu yanki na Ubangiji a haƙiƙa, yana jingina da wata aya ta littafin Ayuba, abin da ya saɓa wa aƙidar Musulmi kai tsaye, domin a wurinmu ruhi halitta ne. Ka rubuta su yadda suke, ka sa musu alama, ka ci gaba da karatu. Wanda ya jefar da littafin a nan bai san abin da littafin ya zo faɗa ba, wanda kuma ya ɓoye waɗannan wurare a rubutunsa bai riƙe amanar ilimi ba.

Daga nan ka haddace tsarin ƙarfin rai, domin duk sauran babobin a kansa suke tafiya. Rai yana da ƙarfi 10, uku na hankali, bakwai na halayen zuciya. Na hankali su ne hokma, walƙiyar fahimta ta farko, da bina, faɗaɗa ta da zurfafa tunani a kanta, da da'at, ɗaure zuciya a kan abin da aka fahimta har ya zauna; daga haruffan farko na waɗannan ukun aka samo sunan Chabad. Bakwai ɗin kuwa manyansu hesed, wato ƙauna da kyauta, da gebura, wato tsoro da kamewa, da tiferet, wato jinƙai da ke daidaita su. Babi na 3 yana cewa hankali ne ke haifar halayen zuciya, hokma uba, bina uwa, ƙauna da tsoro 'ya'yansu. Ma'anar wannan a aikace ita ce mutum ba ya zama yana jiran shauƙi ya sauko masa, sai dai ya zauna kafin addu'a ya yi ta tunani a kan girman Mahalicci har tunanin ya haifi shauƙin. Sannan rai yana da riguna uku da yake bayyana da su, tunani da magana da aiki, kuma ta cikinsu ake cika umarni 613 na Attaura.

Zuciyar littafin tana babi na 12 zuwa na 15, inda ake bayanin benoni, wato matsakaici, wanda saboda shi ne ake kuma kiran littafin da sunan littafin matsakaita. Kada ka ɗauka matsakaici shi ne wanda ladansa da zunubinsa suka yi kunnen doki, domin marubucin ya ƙi wannan ma'anar tun a babin farko. A wurinsa cikakken salihi, wanda ake kira zaddik, shi ne wanda ya juyar da ran dabbarsa har ba ya sha'awar saɓo, kuma irinsu kaɗan ne. Matsakaici kuwa sha'awa da fushi suna nan da ransu a zuciyarsa, amma ba ya barin su su sa ko ɗaya daga rigunan nan uku. Ɗauki mai sayar da yadi a kasuwar Sabon Gari wanda mai ciniki ya sa ya sauko da bandir bayan bandir, ya taya da rainin wayo, sannan ya jefa masa baƙar magana a gaban maƙwabtan rumfa ya juya. Wutar da ta taso masa a ƙirji ba a kama shi da laifinta ba bisa wannan koyarwa. Abin da ake tambayarsa shi ne ko ya mayar da zagin, ko ya huce a kan yaron shagonsa, ko kuma ya zauna yana juya maganar a ransa da gangan yana shirya ramuwa, domin tunanin da mutum ya riƙe da son ransa shi ma riga ce. Hujjar marubucin ita ce an halicci mutum ta yadda ƙwaƙwalwa ke iya mulkin zuciya, saboda haka wannan matsayi yana hannun kowa a kowane lokaci, ko da zai shekara yana wannan yaƙi ba tare da sha'awar ta mutu ba.

A babi na 15 ya ƙara wani bambanci da nake ganin ya fi kowane amfani ga mai nazari. Ya jawo maganar Talmud, babban kundin shari'a da koyarwar malaman Yahudawa na dā, cewa wanda ya maimaita karatunsa sau 100 bai kai wanda ya maimaita sau 101 ba, tare da misalin kasuwar masu jakuna, inda tafiyar farsahi 10 ake biyan zuz 1, wato tsabar kuɗin zamanin, amma farsahi 11 sai zuz 2. A zamanin can sau 100 shi ne al'ada, don haka ɗayan da aka ƙara shi ne ya fita daga sabo. Wanda Allah ya yi shi mai sanyin hali da son karatu, bai taɓa kokawa da kansa ba, marubucin bai kira shi mai saɓo ba, amma bai kira shi mai bauta ba, domin a wurinsa bauta tana farawa ne daga inda ɗabi'a ta tsaya.

Babi na 26 zuwa na 31 na baƙin ciki ne, kuma za ka ga ya ɗauke shi abokin gaba. Misalinsa na 'yan kokawa biyu ne: wanda ya shigo fage da kasala za a kayar da shi ko da ya fi ƙarfi. Ya raba tsakanin baƙin cikin da ke kashe jiki, wanda ake kira azbut, da ɗacin ran da ke zaburar da mutum ya gyara, wanda ake kira merirut. Idan nadamar zunubi ta faɗo wa mutum yana tsakar addu'a ko yana tsakar ciniki, ya ce wannan dabarar son zuciya ce, a ture ta, a keɓe mata lokacin da hankali ya kwanta a yi hisabi, sannan a tashi da farin ciki. Game da wasiwasi a lokacin addu'a, babi na 28 ya ce a yi kamar wanda wani mugu ya tsaya a gabansa yana surutu don ya rikita shi, kada a tanka masa, a yi kamar kurma a ƙara mai da hankali. Babi na 32 na son ɗan'uwa ne, na 40 kuma ya kira ƙauna da tsoro fikafikai biyu da aikin ibada ke tashi da su.

Sai ka kai nan ne gefe na biyu na littafin rubutunka zai yi amfani. Ka ajiye ran dabba kusa da nafsul ammara ta Suratu Yusuf, ka ajiye birnin da sarakuna ke yaƙi a kansa kusa da bayanin Imamu Gazali a Ihya'u a kan zuciya da rundunoninta, sannan ka nemi inda suka rabu. Babban rabuwar, a ganina, ita ce masu tarbiyyar sufanci suna tafiyar da muridi ne da fatan ya kai ga nafsul muɗma'inna, shi kuwa Tanya yana gaya wa mafi yawan mabiyansa cewa wataƙila don yaƙin kansa aka halicce su, kada su damu idan natsuwar ba ta zo ba.

Idan za ka rubuta takarda ko ka gabatar da muƙala, kada ka ce "Yahudawa sun ce" alhali Tanya kake nufi. Wannan koyarwar reshe ɗaya ce ta Hasidawa, kuma ta gamu da adawa mai tsanani daga manyan malamai irin su Rabbi Iliya, wanda ake wa laƙabi da Gawon na birnin Bilna, wanda ya rasu a 1797, har almajirinsa Hayim na Bolozhin ya rubuta Nefesh Ha-Hayim, da aka buga a 1824, inda ya fifita zurfafa karatun Attaura a kan neman shauƙi. Domin ganin inda kowane reshe ya tsaya a tarihi, ka nemi littafin Gershom Scholem a kan manyan tafarkunan baɗinin Yahudawa, wanda ya fito a 1941, ka karanta babinsa na ƙarshe da ya keɓe wa Hasidawa, kana ka jingina kowace magana ga mai ita da lambar babinta.